Ajin Dare da Kulob na Unguwa: Bashin da Ke Wuyan Masu Nazarin Hausa

Gabatarwa

Da wuya a sami hedkwatar ƙaramar hukuma a ƙasar Hausa wadda ba ta da wani gini da ake kira ɗakin taro, ko cibiyar mata, ko gidan matasa. Duk wanda ya zagaya irin waɗannan gine-gine a yau zai tarar da dama daga cikinsu a ɗayan hali biyu. Ko dai a same su a garƙame da kwaɗo, awaki suna kwance a barandarsu, ko kuwa a tarar an ba da su haya domin bikin aure da taron 'yan siyasa. Allon da aka kafa a bango domin ajin yaƙi da jahilci ya koɗe, kekunan ɗinki sun yi tsatsa a ɗakin ajiya, kulob ɗin da yake taruwa a can kowace Lahadi kuwa ya watse tun ba yau ba.

Wani zai ce wannan magana ce ta ma'aikatar jin daɗin jama'a, me ya haɗa ta da mujallar ɗaliban Hausa? Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, babu wanda maganar ta shafa kamar mai nazarin Hausa. Kaso mai yawa na adabin da ake karantawa a sashen Hausa, ake rubuta kundaye a kansa, ake samun digiri da shi, daga irin waɗannan azuzuwa da ƙungiyoyi ya fito. Saboda haka akwai bashi a wuyan malamai da ɗaliban wannan fanni, kuma lokacin biyansa ya yi.

Tun kafin a gina ɗakin taro

Bahaushe bai jira gwamnati ta gina masa zaure ba kafin ya san amfanin taruwa. Dandali shi ne filin yara da 'yan mata, inda ake waƙa da gaɗa da wasanni a farin wata. Samari suna da sarkinsu da fadawansa, su ne ke kiran gayya idan za a yi wa wani noma ko za a gyara hanyar rafi. Mata suna da adashi da biki, manya kuma suna da majalisa a ƙofar gida da makarantar zaure, inda ake jan littafi bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da lisha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da shugaba da ƙa'ida da lokacin haɗuwa, ko da yake ba a rubuta ko ɗaya a takarda ba.

Misali mafi girma a tarihi shi ne na 'Yan Taru, watau tsarin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa domin karantar da matan ƙauyuka. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa alamar izini, ita kuma jajin ta jagoranci ayarin mata su zo su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar da na gida. Ba a gina wa 'Yan Taru wani dogon gini ba, amma karatunsu ya yi tsawon rai fiye da gine-gine da yawa. Wannan ya nuna cewa jama'ar da ke taruwa su ne ran wuri, bango da rufi kuwa sutura ce kawai.

Kulob ɗin da ya haifi jam'iyya

Da ilmin boko ya fara yaɗuwa, sai malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e suka shiga kafa ƙungiyoyin karatu da muhawara a manyan garuruwa. A Bauchi, a farkon shekarun 1940, an yi wani taron tattaunawa wanda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke halarta. Da muhawara ta kai ga taɓa tsarin mulkin En'e, sai hukuma ta rufe taron. A Sakkwato, Malam Shehu Shagari da abokansa sun kafa tasu ƙungiyar ta matasa a tsakiyar shekarun 1940. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda aka fara a 1948, da sunan ƙungiyar al'adu da zumunci ta soma, sai a 1951 ta zama jam'iyyar siyasa sosai. Haka nan NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, tushenta yana cikin Taron Masu Zumunta.

Abin lura a nan shi ne irin horon da ƙaramin kulob yake ba mutum. A can ne saurayi yake fara koyon tsayawa gaban jama'a ya faɗi ra'ayinsa ba tare da zagi ba, ya saurari wanda ya saɓa masa har ya gama, ya yarda da abin da masu rinjaye suka zartar. Magatakarda yana koyon rubuta bayanin taro, ma'aji yana koyon riƙon kuɗin jama'a da ba da lissafi a ƙarshen wata, wanda ya makara kuma yana biyan tara ko da ɗan sarki ne. Babu makarantar da take koyar da waɗannan a cikin manhajarta. Waƙoƙin siyasa na shekarun 1950, waɗanda ɗalibai suke haddacewa domin jarrabawa, mutanen da suka sami irin wannan horo ne suka rubuta su.

Ajin dare da masu karatu

Marubuci ba ya rayuwa sai da mai karatu, kuma ajin manya ya taka babbar rawa wajen samar wa Hausa masu karatu. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, amma waɗanda suka iya karanta ta a lokacin 'yan ƙalilan ne. Sai a shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan da shirin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi yake cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwa a zaurukan masu unguwa da dagatai da ƙarƙashin itatuwa, magidanta suna taruwa bayan sun taso daga gona ko kasuwa, suna bin baƙi da wasali da fitilar ƙwai. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki a Zariya daga 1954 zuwa 1959, ita ce ta riƙa buga musu ƙananan littattafai da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, da Zumunta ta Bauchi. Waɗanda suka tsara shirin sun gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, ba da jimawa ba zai koma gidan jiya.

An sake ganin irin wannan yunƙuri a Jihar Kano zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, lokacin da aka kafa hukumar ba da ilmin manya a 1980, wadda har ta sami yabon UNESCO a 1983. Dubban maza da mata suka shiga azuzuwan yamma da na dare. Ba a yi shekara goma ba sai ga kasuwar littattafan Hausa ta buɗe a Kano irin yadda ba a taɓa gani ba, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun danganta wannan da yawan sababbin masu karatu da azuzuwan suka yaye, musamman mata.

Har wa yau, ajin manya bai tsaya ga samar da masu karatu ba, ya fitar da marubutan kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai littafin In Da So Da Ƙauna na 1991, karatun allo ya fara yi, sa'an nan ya sami boko ta hanyar ajin manya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta ci gaba da neman ilmi a ajin manya, ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka fassara shi da Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta takarda a kan waɗannan littattafai, to, ya ci daga gumin wani malamin ajin dare da babu wanda ya ambaci sunansa a shafin godiya.

Ƙungiyoyin marubuta da 'yan wasa

Bayan aji sai ƙungiya. A Kano, a shekarun 1970, ƙungiyar Hikima ƙarƙashin Alhaji Mudi Sipikin da ƙungiyar Hausa Fasaha ƙarƙashin Alhaji Aƙilu Aliyu sun tara masu rubuta waƙa daga kowane ɓangare na jama'a, malamai da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Mutum yakan kawo waƙarsa ya karanta, 'yan uwansa su duba masa kari da amsa-amo, su nuna masa inda baiti ya karye, sa'an nan a kai ta gidan rediyo. Aikin Hikima ne Graham Furniss ya yi nazari a kai har ya sami digirinsa na uku a Landan a 1977. Watau ƙungiyar da talakawa suka kafa da kuɗin aljihunsu ita ce ta zama abin nazari a wata babbar jami'ar Ingila.

A ƙarshen shekarun 1980 marubutan ƙagaggun labarai suka bi wannan sawu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Ado Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat suke ciki. Da yake manyan kamfanonin ɗab'i ba su kula su ba, sai suka dogara da juna. Wannan ya duba wa wancan rubutu, a haɗa kuɗin bugu, a sa jerin littattafan 'yan ƙungiya a bayan kowane littafi domin talla. Sana'ar fim ɗin Hausa ma haka ta faro. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa, wadda ta daɗe tana wasa a dandamali da gidan talabijin, ita ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin fim na farko na bidiyo a wannan masana'anta. Masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika, ga shi kuwa an gani.

Darasi daga Nijar

Akwai darasi mai muhimmanci a Jamhuriyar Nijar game da abin da kan faru idan hukuma ta rungumi ƙungiya har ta matse ta. Gwamnatin Janar Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta farfaɗo da tsohon tsarin samariya, ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya. Aka gina gidajen matasa a garuruwa, aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, ƙungiyoyin unguwanni suna gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa ƙwarai a wancan zamani, samari kuma sun gina azuzuwa sun share tituna da aikin gayya. Amma da yake an ɗaure samariya a jikin gwamnatin soja, da iskar siyasar jam'iyyu ta kaɗa a farkon shekarun 1990, sai ta yi sanyi. Samarin ba su daina taruwa ba, sun koma fada, watau majalisar shayi a bakin titi, wadda ba ta jiran umurnin kowa.

Irin wannan ya faru a Nijeriya da cibiyoyin mata da aka buɗe ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda uwargidan shugaban ƙasa Maryam Babangida ta soma a 1987. An koyar da ɗinki da saƙa da yin sabulu, mata da yawa sun amfana. Sai dai shiri ne da ya sauko daga sama, kowace sabuwar gwamnati kuma takan zo da nata suna da nata tuta. Inda babu ƙungiyar mata ta unguwa da take ganin cibiyar tata ce, da alawus ɗin malama ya tsaya sai aji ya tsaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Hujjojin masu ganin zamanin ya wuce

Akwai masu cewa wayar hannu ta riga ta maye gurbin ɗakin taro. Gaskiya ne marubuta, musamman mata, sun kafa zauruka a WhatsApp da Facebook, suna fitar da labarai kashi-kashi, suna samun masu karatu daga Kano har Kumasi da Hartum. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa alƙalamin mata bai bushe ba. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. To amma zauren waya na wanda ya riga ya iya karatu ne. Matar da ba ta san baƙi ba, waya ba za ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake riƙe fensir ba, ba kuma za ta koya mata zare allura a keken ɗinki ba. Bugu da ƙari, duk wanda ya duba rubutun da ke yawo a waya zai ga yadda ake haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ake raba waɗanda ya kamata a haɗe, ake zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Irin gyaran da Hikima take yi wa mawaƙi ido da ido ya yi ƙaranci.

Akwai kuma masu tsoron cewa kulob ɗin samari matattarar zaman banza ce, kuma 'yan siyasa suna mai da shi rumbun 'yan banga. Wannan tsoro yana da tushe, domin an sha ganin ƙungiyoyin da ba a jin ɗuriyarsu sai lokacin zaɓe, su buga kalanda da hoton ɗan takara, su karɓi abin da za su karɓa, su ɓace. Amma ya kamata a tambaya, wace irin ƙungiya ce take faɗawa wannan rami? Ita ce wadda ba ta da aikin yi na kowane mako. Ƙungiyar da take da wasan da za ta gwada ran Asabar, ko ajin da za ta koyar ran Talata, ko littafin da take tara kuɗin bugawa, ba ta da sauƙin saye. Rufe ɗakin taro ba ya hana samari taruwa, sai dai ya kore su zuwa inda babu idon manya.

Hujja ta uku ita ce ta kuɗi. Ana cewa ƙananan hukumomi ba su da abin biyan malaman aji, shi ya sa suke ba da ɗakunan haya. Ba laifi ba ne a yi biki a ɗakin taro ran Asabar da Lahadi a karɓi kuɗi. Laifin shi ne a bar shi a rufe daga Litinin zuwa Alhamis, sa'an nan kuɗin hayar ya tafi inda ba a sani ba. Da za a ware wani kaso na kuɗin haya domin alli da fitila da ɗan alawus, da bikin auren ya ɗauki nauyin ajin dare.

Abin da ya rataya a wuyan sashen Hausa

Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da na sauran jami'o'i da kwalejojin horon malamai, suna yaye ɗalibai kowace shekara waɗanda suka san ƙa'idojin rubutu da nahawu da ma'aunin waƙa. Wannan shi ne ainihin abin da ajin unguwa da kulob ɗin marubuta suke nema. Ƙungiyar ɗaliban Hausa takan tashi tsaye sau ɗaya a shekara domin Makon Hausa, a yi naɗin sarauta, a hau dawaki, a kira makaɗa, a watse. Babu aibu a cikin wannan, amma da ƙungiyar za ta zaɓi unguwa ɗaya kusa da jami'a, ta nemi izinin mai unguwa da hukumar ilmin manya, ta riƙe aji ɗaya na yamma sau biyu a mako har tsawon zango, da ta bar abin da ya fi hoton hawan doki daɗewa. Ɗalibai mata su riƙe ajin mata a gidan da mazajensu suka amince da shi, kamar yadda jajin 'Yan Taru ta yi tun ƙarni na sha tara.

Abu na biyu shi ne adana tarihi. Ƙungiyoyin da aka ambata a sama suna da littattafan bayanin taro, da jerin sunayen mambobi, da rubutattun wasanni da waƙoƙin da ba a taɓa bugawa ba. Da yawa daga cikin waɗannan takardu suna cikin akwatunan magada, gara da damina suna cin su, dattawan da suka san labarin kuma suna ƙarewa. Maimakon ɗalibai goma su sake nazarin jigo da salo a littafi ɗaya da aka riga aka tatse, me zai hana a tura kowannensu garinsu ya rubuta tarihin wani kulob, ya ɗauki muryar waɗanda suka kafa shi, ya kwafo takardunsa a ajiye a laburaren sashe? Wannan aiki ne da malamai masu duba kundi suke da ikon farawa daga wannan zango.

Abu na uku shi ne buɗe ƙofa. Marubutan unguwa da yawa suna jin tsoron jami'a, suna ganin ba a ambatonsu a can sai domin a soke su. An daɗe ana muhawara a jaridu a shekarun 1990 kan ko littattafan kasuwar Kano sun cancanci a kira su adabi, kuma tabon wannan muhawara bai gama warkewa ba. Gayyatar ƙungiyar marubuta ko ta 'yan wasa zuwa aji, ta karanta aikinta, a yi mata gyara cikin mutunci, ita ma ta faɗi abin da ta sani na bugu da kasuwa wanda babu shi a littafin darasi, zai amfani ɓangarorin biyu.

Kammalawa

An ga yadda ajin manya ya samar wa Hausa masu karatu da marubuta, da yadda ƙananan ƙungiyoyi suka haifi jam'iyyu da waƙoƙi da littattafai da fina-finai. An kuma ga cewa wurin da hukuma kaɗai ta riƙe yakan mutu da mutuwar shirin da ya kawo shi, wanda jama'a suka riƙe kuwa yakan daɗe. Gwamnati tana da nata aiki na gyara rufi da biyan malamai, kuma ya kamata a ci gaba da tuna mata. Amma ɗalibin Hausa ba ya bukatar jiran kasafin kuɗi kafin ya ɗauki alli ya nufi zauren mai unguwa. A cikin matan da suke zaune yau ba su iya rubuta sunansu ba, akwai mai labarin da zai kai na Balaraba Ramat, kuma ba za a taɓa karanta shi ba sai an sami wanda ya buɗe ɗakin nan da ke garƙame ya koya mata baƙi. Allah ya ba da ikon sauke nauyi, amin.